Bulus ya ce bangaskiya, Yakubu ya ce ayyuka, wanne za mu kama?

Matashin_Kafanchan:
Salama 'yan'uwa. Don Allah a warware min wannan, jiya a nazarin Littafi na matasa gardama ta kaure har muka tashi ba a ƙare ba. Bulus a Romawa 4 ya ce Ibrahim ya samu barata, wato Allah ya lasafta shi mai adalci, ta wurin bangaskiya ba ayyuka ba, sai ga Yakubu 2:21 yana cewa ta ayyuka ne, lokacin da ya miƙa Ishaku. Ibrahim ɗin nan fa guda ɗaya ne. To yaya ke nan?

Dattijo_ECWA:
Ɗana, ka duba lokacin da kowanne yake magana a kai. Bulus yana kan Farawa 15:6 ne, inda Ibrahim ya gaskata Allah aka lasafta masa adalci, a lokacin ko Ishaku ba a haifa ba, ko kaciya ma bai yi ba sai a sura 17. Yakubu kuwa yana kan Farawa 22, bayan shekaru masu yawa, inda bangaskiyar da take cikinsa tun tuni ta fito fili kowa ya gani. Baratarwa Allah ne yake yi sau ɗaya saboda jinin Yesu, ba ka da ko sisi a ciki, tsarkakewa kuma aikin Ruhu Mai Tsarki ne da yake ci gaba a cikinka har ranar da za ka bar duniya. Matasanmu sun haddace Afisawa 2:8-9 amma sai su tsaya nan, ku ƙarasa zuwa aya 10 mana.

Maman_Zumunta:
Baba ka gama magana. Ni abin da ke ci min rai shi ne mace ta fito gaban bagadi da hawaye ranar Lahadi, Litinin kuma ka same ta a kasuwa da mudu biyu, wanda take saye da shi daban, wanda aka bubbuge gindinsa na sayarwa daban, in ka yi magana ta ce ai ta alheri aka cece mu. Irinsu Yakubu yake wa magana.

Ɗan_Katolika:
Mu Katolika dai ba mu raba baratarwa da tsarkakewa sosai kamar ku, tun babban taron cocinmu na Trent a 1547 koyarwarmu ita ce baratarwa ta haɗa da gafara da sabuntawar mutum daga ciki. Amma don Allah a daina cewa muna sayen ceto da ayyuka. A 1999 a Augsburg ta Jamus mu da Lutheran mun sa hannu cewa ta alheri kaɗai ne Allah yake karɓarmu, ba don cancantarmu ba.

Matashin_Kafanchan:
Na gode ƙwarai Baba, ranar Laraba zan sa mu buɗe Farawa 15 da 22 tare. Amma wanda ya tuba da gaske ya sāke faɗuwa fa, baratarwar tasa tana nan ko ta tafi?