Facin wuta ko na sholisho: wanne ya riƙe muku?

Ɗan acaɓa, Zariya: Salamu alaikum. Tun da bazara ta shigo, facin sholisho ya ƙi zama a tub ɗin babur ɗina, sai ya riƙa ɗagowa ta gefe. Wanda aka gasa mini da wuta bara kuwa yana nan daram. Wa ya taɓa gamuwa da haka?

Mai faci, Kano: Wa alaikumus salam, ɗana. A sana'ar nan na tashi. Facin wuta ɗanyar roba muke ɗorawa, mu matse ta da ƙarfe, mu kunna kananzir cikin tsohon fistin a samanta. In ta gasu daidai, ita da tub sun zama jiki ɗaya. Wuta ta yi kaɗan, ta fito tana danƙo. Ta yi yawa, tub ɗin ya ƙone. Na sholisho ma yana riƙewa, gaggawa ce ke kashe shi: ba a kankare wurin sosai, ba a bari sholishon ya sha iska kafin a liƙa.

Malamar kimiyya, Katsina: Baba, abin da kake yi a bakin titi shi nake koya wa ɗalibai a aji. Na yi bautar ƙasa a Jihar Edo, na ga yadda ake tsaga bawon itacen roba da asuba, ruwan yana ɗiga fari fat. In ya daskare haka nan ba ya da amfani sosai: zafi ya sa shi danƙo da wari, sanyi ya sandarar da shi. Wannan ce matsalar da ta karya 'yan kasuwar roba a Amurka, har Charles Goodyear ya gano a 1839 cewa in aka cuɗa roba da farar wuta, wato sinadarin sulfur, aka gasa, ta daina wannan hali. Farar wutar ce ke ɗaure zaruruwan robar da juna, shi ya sa in ka ja ta take komawa yadda take. Goodyear ya yi rajistar fasahar a 1844, Thomas Hancock na Ingila kuma ya shigar da tasa a 1843. Abin da ke ba ni tausayi, Goodyear ya rasu a 1860 da bashi a kansa. Kamfanin taya mai sunansa sai a 1898 wasu suka kafa shi.

Mai guga da takalmin taya, Maraɗi: Malama, yau na gane wani abu. Fasasshen bokitin roba ana narka shi a sake wani, amma taya ko tub ba sa narkewa, sai dai su kama da wuta da baƙin hayaƙi. Mu kam yanka muke yi da ɗinki.

Direban tirela, Kaduna: Ni kashedi zan ƙara. Na taɓa sayen taya fes, zanenta bai taɓa kwalta ba, ashe ta tsufa a shago. Ba a jima ba gefenta ya tsattsage. Gasasshiyar roba ma tana tsufa, rana da iska suna busar da ita. Ku duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke gefen taya wanda ya fara da haruffan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Kuma a nisanta ta da fetur da baƙin mai, suna kumbura ta.

Ɗan acaɓa, Zariya: Allah ya saka da alheri. Baba, hudar tana dab da bakin da ake busa iska. A gasa?

Mai faci, Kano: A'a, ɗana. Nan wurin ƙarfe ba ya matse shi daidai, ko an gasa zai riƙa sace iska. Sayi sabo, tsohon kuma a yanka maka igiyar ɗaure kaya.