Don Allah a taimaka: wa zan rubuta a matsayin zakaran 1901?

Ɗan Zariya a Amurka: Salamu alaikum 'yan uwa. Kaina ya ɗaure. Shekarata ta biyu ke nan a nan, kuma bana aka ce dole kowa ya ɗauki darasi ɗaya a wajen fanninsa. Na so na zane, ya cika. Abokin ɗakina ya ce in ɗauki tarihin wasanni, wai ko barci nake zan ci. Ni da ko dokar ƙwallon Amurka ban sani ba, ga aikin dare a ɗakin cin abinci, sai ƙarfe 1 nake dawowa hannuna na warin man suya. To, an ce in tantance zakarun ƙasa na ƙwallon Amurka na jami'o'i daga 1869 zuwa 1935. Na kwafe jerin zakarun da masanin tarihin wasan, Parke Davis, ya tsara tsaf, takarda ta dawo duk jan biro. Yanzu a 1901 na maƙale: Michigan ta ci wasa 11, maki 550, ba a ci ta ko ɗaya ba. Harvard ta ci 12 ba faɗuwa. Ba su taɓa karawa ba a shekarar. Wa zan rubuta?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, tun daga tushe ka yi kuskure. A lokacin babu gasar ƙasa, babu kofi, babu wasan ƙarshe. Ƙuri'ar 'yan jarida ta kamfanin dillancin labarai na AP, mai jera ƙungiyoyi bisa ƙarfinsu, ma sai 1936 aka fara. Davis ɗinka a 1933 ya zauna ya raba kambun shekara sittin da suka wuce shi kaɗai. Kuma ka san shi ɗan wasan Princeton ne? A 1896 shi ne kocin Lafayette, suka yi canjaras da Princeton babu ci, da ya tashi rabo sai ya ba su biyun. Mai rabo ya ɗebar wa gidan ubansa, ya ɗebar wa na surukansa. Rubuta Michigan ka huta.

Maman Khalil: Me malamin ya rubuta da jan biron? Ba ka faɗa ba. Kuma yaushe za ka miƙa?

Ɗan Zariya a Amurka: Yaya Baban Ummi, amma Davis ya ga wasannin zamanin da idonsa fa. Ni ban ga laifin bin sa ba, littafin NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ma yana kawo sunansa.

Baban Ummi: Kawo suna daban, tabbatarwa daban. NCAA ba ta naɗa zakara a rukunin manyan jami'o'i na wannan wasa, lissafa zaɓin masu zaɓe kawai take yi. Shi ya sa Princeton ke iƙirarin kambu 28, Yale 27. Dubi 1869: wasa biyu kacal aka yi duk shekarar, Rutgers ta ci 6-4, bayan mako guda Princeton ta rama 8-0, mutum 25 kowane gefe, ba a ma gudu da ƙwallo a hannu. Wannan ne za a kira kambun ƙasa?

Na Kofar Mata: Hmm. Haka aka yi mana a gasar unguwa. Ba a ci mu ko sau ɗaya ba, ranar ƙarshe aka ce katin ɗan wasanmu ba hoto, kofi ya tafi ƙungiyar ƙanin mai shirya gasar. Ragon ma ba mu gani ba. Shekara takwas ke nan, har yau in na ga mutumin sai in canza hanya.

Malam Tukur: Ban yarda da Baban Ummi ba. Tarin maki ba hujja ba ne, da wa aka kara? A lokacin ƙarfi yana gabas, kuma Harvard ta lallasa Yale 22-0. Rubuta su biyun, ka sa wanda ya zaɓi kowa da shekarar da ya zaɓa.

Baban Ummi: Malam, Michigan ta je har Kalifoniya ta yi wa Stanford 49-0 a wasan ƙarshen kaka na Rose Bowl na farko. Me kuma ake nema?

Ɗan Zariya a Amurka: Na gode, amma shafi tara na riga na gina kan Davis, ba zan rushe ba. Ina ganin malamin ne bai fahimce ni ba.

Maman Khalil: Har yanzu ba ka faɗi abin da ya rubuta ba.

Na Kofar Mata: Ni dai ragonmu.