Idan ka ji rauni a unguwa: abin da aka tsayar a hirarmu

Maganar ta taso ne kan wanda ya faɗa ramin da aka haƙa a bakin titi ba tare da alamar gargaɗi ba. Kowa ya yarda asibiti ne farko, ko da ciwon bai yi kama da mai tsanani ba, domin rahoton likita shi ne babbar hujja daga baya. A ajiye rasit ɗin magani, a ɗauki hoton wurin tun kafin a cike ramin, a karɓi lambar waɗanda suka gani.

Inda aka fi ja-in-ja shi ne batun diyya. Rauni kaɗai ba ya sa a biya ka. Sai an nuna cewa wani yana da alhakin kula da wurin, ya yi sakaci, kuma sakacin ne ya jawo raunin. In kai ma da naka ganganci, a dokokin ƙasashe da dama ana rage abin da za ka samu.

Wata ta ja kunne, kuma na ga gaskiyarta: kada a sa hannu a takardar sulhu ta kamfanin inshora kafin lauya ya duba. Shigar da ƙara ma yana da wa'adi, in ya wuce kotu na iya ƙin saurare.