Waɗanda suka gwada firibayotik saboda fargaba, me kuka gani?

Mai ɗinki: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Fargaba ce ke tashina da asuba, gabana ya yi ta faɗuwa babu dalili, ciki kuma ya murɗe. Na ji ana cewa gyaran hanji yana sassauta ta. Don Allah wanda ya gwada ya faɗa mana abin da ya gani a jikinsa.

Maman biyu: Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ni garin inulin, wani nau'in firibayotik (zaren abinci mai ciyar da ƙwayoyin hanji masu amfani), nake damawa a ruwa. Da farko kumburi da iska suka dame ni, sai na koma rabin ƙaramin cokali ina ƙarawa sannu a hankali. Bayan gida ne ya fara daidaita, barci ya biyo baya. Fargabar tana nan, amma yanzu ina riƙe kofi da safe hannuna ba ya rawa.

Malamin kimiyya: Ni ma na sha, na kuma bi diddigin abin don hankalina ya kwanta. Firibayotik zare ne da cikinmu ba ya narkarwa, ƙwayoyin bakteriya na babban hanji ne ke cinye shi su fitar da sinadarai irin su butiret, wanda ke ciyar da bangon hanji don kada abubuwan da ke tada kumburi su riƙa tsallakawa cikin jini. A 2015 masu bincike a Freiburg ta Jamus sun ga ɓerayen da aka raina babu ƙwayoyin hanji, ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwarsu ba su girma yadda ya kamata ba, da aka ba su waɗannan sinadarai suka gyaru. A shekarar kuma a Oxford aka gwada mutum 45 na mako uku, waɗanda suka sha wani nau'in firibayotik mai suna GOS, kotisol ɗinsu (sinadarin damuwa a jiki) na lokacin farkawa ya ragu. Amma fa lafiyayyu ne, kuma yawancin hujjar alaƙar hanji da kumburin ƙwaƙwalwa daga ɓeraye take. Ni dai sauƙin da na samu kaɗan ne.

Direba: Malam, nawa labarin daban ne. Hanjina mai saurin tashi ne, inulin ya ƙara min ciwo, ciwon ya ƙara min fargaba. Likita ya ce albasa da tafarnuwa ma in rage. Na daina.

Ma'aikaciyar jinya: Ƙanwata, ni ban sayi gari ba. Wake da ayaba da alkamar ots na yawaita, na ji sauƙi, amma maganin da likita ya ɗora ni a kai ban taɓa ajiye shi ba, kuma ina roƙon ki kada ki ajiye naki idan kina sha. Faɗuwar gaba da asuba tana iya zama daga maƙoƙo ko ƙarancin jini, ki sa a duba.

Mai ɗinki: Na gode ƙwarai Anti, zan je a gwada jinin. Maman biyu, da safe kike sha ko da dare?