Wasan raya gida: sunan da na tsayar wa su The Sims

1/
Kawuna magini ne a Tawa, tun ban zo duniya ba yake aikin tubali da siminti. Makon jiya ya sauka wurinmu a Yamai don bikin wata 'yar uwa. Da dare ya tarar da ni na duƙufa a kan kwamfuta ina jan bango daga wannan kusurwa zuwa waccan. Ya daɗe tsaye a bayana, can ya ce, "Ɗiyata, mi as sunan wanga abu?"

Na ce The Sims. Ya ce ba sunan yanka ya tambaya ba, wane irin abu ne? Na buɗe baki, sai Faransanci ya zubo: jeu de simulation de vie. Ya ce in maimaita da harshen da uwata ta yi mini reno. Nan na yi tsuru-tsuru.

2/
Ga waɗanda ba su taɓa gani ba: wasa ne na kwamfuta da ya fara fitowa a 2000, kamfanin Maxis na Amurka ya yi shi. Wanda nake bugawa shi ne na huɗu, na 2014, kuma tun 2022 ana sauke tushensa kyauta. Kai za ka ƙirƙiri mutane, ka ba su kama da hali, ka saya musu fili, ka gina musu gida, sannan ka zuba ido suna zaune a ciki. Suna jin yunwa, barci na kama su, suna neman wanka da ban-ɗaki da hira da nishaɗi. In ka bar ɗaya babu murhu babu gado, za ka ga ya tsaya tsakar ɗaki yana ɗaga hannu yana yi maka ƙorafi da wani yare da ba na kowa ba. Babu cin wasa, babu faɗuwa, babu ranar da za a ce ka gama.

3/
Wasu za su ce a bar shi similasiyo, wato simulation ɗin Faransancin nan, ai mun ari lakwal (makaranta) da pisin (wurin ninƙaya) ba wanda ya mutu. Gaskiya ne, ba na gaba da aro. Amma lakwal abu ne da ake nunawa da yatsa. Similasiyo in ka faɗa wa wanda bai yi boko ba, sai ka sake fassara masa, aikin ya zama biyu. Kuma 'yan uwanmu na Katsina da Kano nasu aron daga Turancin Ingila zai zo, mu wayi gari da suna biyu.

4/
Na farko da ya zo mini shi ne wasan kwaikwayon rayuwa. A takarda daidai yake, kalma bisa kalma. Na gwada shi a kan innata, ta ce, "A wace tasha ake nunawa?" Shi ke nan ya mutu. Wasan kwaikwayo yana da mai shi tun tuni: na rediyo, na dandali, na talabijin. Duk wanda ya ji zai zaci zama ake yi a kalla, alhali nan kai ne mai hannu a ciki.

5/
Na biyu ya fi ba ni wahalar yarwa: wasan 'yar tsana. Don in za a faɗi gaskiya, shi ne. Wace ce a cikinmu ba ta zana ɗaki a ƙasa da tsinke ba, ta yi wa 'yar tsana gado da kwalin ashana, ta dafa tuwon ƙasa a murfin gwangwani, ta aurar da ita ga 'yar tsanar maƙwabta? Abin da muke yi a gindin bango shi ne aka ɗauka aka sa a cikin na'ura.

Har wanda ya ƙirƙiri wasan, Will Wright, sunan gidan 'yar tsana ya fara ba shi. Gidansa ya ƙone a gobarar Oakland ta 1991, ya koma yana haɗa kayan gida daga farko, cokali zuwa gado. Tunaninsa na fari ma wasan tsara gini ne, mutanen an sa su ne don a ga ko gidan zai zaunu. Daga baya suka ƙwace wasan.

To me ya hana? Ƙanena. Ya fi ni daɗewa a kan wasan nan, shi ya koya mini yadda ake ɗora bene, amma ya rantse in na sa wa abin wannan suna ba zai ƙara taɓa shi a gaban abokansa ba. Na yi masa tsiya, sai dai yana da hujja. Sunan da rabin masu yin abu ke jin kunyar faɗa ba zai yi tafiya ba. Ban da haka 'yar tsana ba ta jin yunwa, ba ta fushi da mijinta in ba ke kika sa ta ba. Waɗannan kuwa in kin sake su, sai su tafi harkarsu.

6/
Kalmar daga bakin kawu ta fito, shi bai ma san ya ba ni ba.

Gidan da nake ginawa a daren nan irin na masu hannu da shuni ne, a Oasis Springs, garin hamada na cikin wasan. Bene hawa biyu, rufi shimfiɗaɗɗe, bangon gilashi tun daga ƙasa har sama, pisin a baya, fitilu a cikin ruwa, madafa da salo (falo) a haɗe babu bango tsakani. Kuɗin da ake ba mutum ɗaya a farko 20,000 ne, ba su isa ko rabin wannan ba, sai na buga lambar satar hanya da ke zubo 50,000 duk bugu ɗaya. (A na Faransanci kuɗin simflouz ake ce musu. Kawu ya ji fulus a ciki, ya ce ashe Turawa ma sun san shi.)

Ya jawo kujera ya fara bin gidan ɗaki-ɗaki. Ina zaure? Babu. Wato baƙo na shigowa idonsa sai cikin tukunya? Gilashin nan yamma yake kallo, a watan Afrilu wa zai zauna a ciki da la'asar? Rufi shimfiɗe babu indararo, ruwan Agusta ta ina zai sauka? Na ce kawu a nan ba a ruwa ba a zafi, sai in mutum ya sayi ƙarin da aka fitar a 2018 mai kawo damina da rani. Ya girgiza kai.

Sannan ya ce shi kafin ya aza tubali ɗaya, sai ya raya gidan a zuciyarsa tukuna: inda uwargida za ta tsuguna ta hura wuta, inda inuwa za ta faɗi bayan azahar, inda maigida zai karɓi baƙi ba tare da an ga cikin gida ba. Ya ce, "Ke kin yi gini, ba ki raya shi ba."

7/
Raya. Ku juya ta ku gani.

Muna cewa na raya a zuciyata, ko zuciyata ta raya mini, wato abin da babu shi a fili amma ka tsayar da shi a ranka kamar akwai. Wannan shi ne ainihin abin da similasiyo ke nufi. Muna cewa Allah ya raya in an yi haihuwa, wato a ba abu rai, a kula da shi ya girma, kuma aikinka ke nan da mutanen cikin wasan. Muna kuma cewa an raya wuri, in kango ne ko fili aka gina shi mutane suka zauna. Aikin mai wasa duka uku ne, kuma ga su cikin kalma mai gaɓa biyu.

Gida kuma a Hausa bai tsaya ga bango ba. In an ce ina gida, ba lafiyar siminti ake tambaya ba. Saboda haka wasan raya gida ya ɗauki ginin, ya ɗauki mutanen.

8/
Na karanta amsoshinku, na gode. Biyu sun tsaya mini.

Malam, ka ce sunan ya yi kama da na wani shirin raya karkara da zai zo da farar mota da allo a bakin hanya. Na yi dariya don haka ne, amma kalmar wasa da ke gaba ta raba gardama.

Yaya, taki ta fi nauyi: kin ce akwai similasiyo na tuƙin jirgi da na koyon tiyata, raya gida ba zai rufe su ba. Ba zai rufe ba, ban kuma ce ya rufe ba. Wancan gwaji ne kafin a shiga na gaske, a nema masa nasa daga gwaji ko atisaye. Faransanci ya zuba su a ƙwarya ɗaya, ba dole mu ma mu yi haka ba. Sai dai raya na iya haihuwa: SimCity, wanda Will Wright ya fitar a 1989, wasan raya birni ne, wanda ake noma da kiwo kuma wasan raya gona.

9/
Ƙananan sunayen ba su ba ni wahala ba. Inda ake tsayar da lokaci a yi gini, fagen gini. Inda mutane ke harkarsu, fagen zama. Gidan da ake kira na luks, muna da gidan alfarma tun da daɗewa, ba sai an ƙera sabo ba.

Abin da kawu bai yarda da shi ba shi ne a ce alfarma sai gilashi. Ya kawo mini masallacin Yama, a jiharmu ta Tawa, wanda Falke Barmu ya gina da ƙasa har ya samu kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Ni kuma na ƙara masa da garin Dandaji, inda Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa na matsi, aka gama a 2018. Na zamani ne sosai, kuma da ka gani ka san na nan ne.

10/
Na rushe bangon gilashin. Yanzu akwai zaure, akwai tsakar gida da rumfa, pisin ɗin na bar shi don ban iya rabuwa da shi ba. Zanko, tsinin nan na kusurwar soro, na haɗa da gutsattsarin ginshiƙai, daga nesa ya yi kama. Daurin guga, rufin soro mai bakuna, ya gagare ni.

Jiya na ji ƙanena a waya yana ce wa abokinsa ba zai fito ba, raya gida yake yi. Ban ce masa komai ba, kada ya fasa.

Saura abu ɗaya da ban samu sunansa ba: koren lu'ulu'un nan da ke shawagi a kan wanda kake sarrafawa, mai komawa ja in ransa ya ɓaci. Kawu ya ce tambari, ƙanena ya ce fitila, ni duka biyun ba su kwanta mini ba. Wa ke da wata?