Ƙauraye a unguwannin Katsina

Mazaunin Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Me ya sa ta'asar ƙauraye, wato 'yan daba, ta ƙi ƙarewa, alhali kowa ya san gidajen da yaran suka fito?

Malamar makaranta: Malam, a ganina tushen matsalar shi ne zaman banza da shaye-shaye, domin ko da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, matasan sun koma ga ƙwayoyi da sholisho.

Dattijo daga Sabuwar Unguwa: Hajiya, kada a manta da 'yan siyasar da ke ɗaukar su haya lokacin zaɓe, su watsar da su bayansa. Mu a nan mai unguwa da limamai sun kafa 'yan sintiri, kuma uban da ya yi belin ɗansa sau biyu sai ya amsa kira gaban dattawa.