Fom ɗin Kanada yana yankewa a gefe idan na buga shi a A4, yaya zan yi?

Ɗiyar Yelwa

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin kwamfuta ku taimaka min, kwana uku ya rage min.

Ina neman gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Kanada. Sun aiko min da fom mai shafi huɗu a PDF, an ce in buga, in cike da biro, shugaban sashenmu ya sa hannu ya buga hatimi, sannan in yi sikanin in mayar musu. Jiya bayan la'asar na je wani shagon buga takardu a nan Yelwa. Da takardar ta fito sai na ga layin akwatin gefen dama ya ɓace, harafin ƙarshe na wasu kalmomin ya tafi, ga kuma fili fari a ƙasa babu komai. Muka sake, haka ta fito. Sau uku ina biya, a farashin janareta kuma, don babu wuta. Yaron shagon ya ce firintarsa lafiya lau, fom ɗin ne da matsala.

Da daddare na duba bayanan fayil ɗin, na ga an rubuta 8.5 x 11. A wasiƙarsu ma sun ce duk abin da zan ɗora ya zama girman Letter. Ni dai A4 na sani, sai fulskaf da muka rubuta jarrabawa a kai.

Akwai kuma bayanin dalilin neman karatun da na rubuta a Word. Sun ce kada ya wuce shafi biyu, nawa kuwa ya cika biyun cif a A4, wata guda na yi ina gyara shi. Idan na canza girman zai lalace? Shugaban sashen namu zai yi tafiya jibi, ba na son in kai masa takarda a yanke.

Mai shago a Wunti

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kwantar da hankalinki, firintar ba ta da laifi, fom ɗin ma haka. Takardarmu ta A4 faɗinta milimita 210, tsawonta 297. Letter da Amurka da Kanada ke amfani da ita inci 8.5 ce da 11, wato kusan milimita 216 da 279. Kin ga ta fi tamu faɗi da milimita 6, tamu kuma ta fi ta tsawo da kusan 18. Shi ya sa gefe ya yanke, ƙasa kuma ya yi saura.

Ki koma ki ce wa yaron shagon ya buɗe fom ɗin da Adobe Reader. A wurin bugawa zai ga an zaɓi Actual size, ya mayar da shi Fit, ya kuma tabbata takardar da aka zaɓa wa firinta A4 ce. Shafin zai ragu zuwa kusan kashi 97 cikin 100. Idan ya nuna ƙasa da haka kaɗan kada ki damu, yawancin firinta ba sa iya buga tawada har bakin takarda, sai manhajar ta ƙara ragewa. Ki duba ɗan hoton da ke gefe kafin ya danna, ki ga layukan huɗu duk sun shigo.

Abu ɗaya nake roƙonki: kada ki yarda kowa ya ɗauki hoton shafin ya manna a Word ya ja gefensa don ya cika takarda. Ana yawan yi a shaguna, kuma yana karkatar da komai, tambarin makaranta da yake zagaye sai ya koma kamar ƙwai. A rage faɗi da tsawo tare, ko da za a bar fili.

Malamin lissafi, Gombe

Abin da Malam ya faɗa haka yake. Ni bayanin naki zan yi magana a kai, don shi ba a rage shi kamar fom, a Word ɗin za ki canza tun kafin ki mayar da shi PDF. Ki fara ajiye kwafi na biyu, ki bar na asalin yadda yake. A sabon ki shiga Layout, ki zaɓi Size, ki danna Letter.

Ki shirya, zai zarce zuwa shafi na uku. Kowane shafi ya rasa wurin layi uku zuwa huɗu a tsaye, ɗan faɗin da ya ƙaru kuma bai kai ya biya ba. Kada ki ƙanƙance rubutun idan sun faɗi girman harafi. Gara ki cire jimla biyu ko uku da kanki, ko ki rage tazarar da ke tsakanin sakin layi.

Ni abin yana ba ni sha'awa har nakan kawo shi a aji. Tsarin namu daga Jamus ya fito a 1922, yau ana kiransa ISO 216. A0 faɗin filinta murabba'in mita ɗaya ne, a ninke ta biyu a samu A1, haka har A4, kuma siffar ba ta canzawa, kullum tsawo ya ninka faɗi sau 1.414. Shi ya sa injin fotokwafi yake da kashi 71 na ragewa da kashi 141 na ƙarawa a shirye, A3 ta sauka kan A4 ba a rasa komai. Letter ba ta cikin wannan dangin, don haka duk dabarar da za a yi sai an bar fili a wani gefe.

Ɗiyar Yelwa

Allah ya saka muku da alheri. Malam na Wunti, saura ɗaya. Idan na buga a A4 aka sa hannu na yi sikanin, ai A4 zai fito, su kuma Letter suka ce. Yayana ya ce a yanka min fulskaf ko A3 ta koma girman, ko ana samun takardar a Bauchi?

Mai shago a Wunti

Ni dai rim ɗin A4 da A3 nake sayowa, ban taɓa ajiye Letter ba. Fulskaf ba za ta yi ba, faɗinta inci 8 ne, ba ta kai ba. A3 tana yankuwa, amma ɗaya kacal take bayarwa, don rabin tsawonta milimita 210 ne, bai kai faɗin Letter ba, kuma idan yankan ya karkace firinta za ta riƙe ta. Ba sai kin sha wannan wahalar ba, tunda fayil suke so, ba takardar hannu ba.

Lokacin sikanin a zaɓi A4, idan aka bar shi a Letter zai datse ƙasa. Kwamfutoci da yawa da ake shigo da su na hannu a saitin Amurka suke zuwa, mai shago bai ma sani ba. Bayan nan ki buɗe fayil ɗin, ki yi kamar za ki buga, a wurin sunan firinta ki zaɓi Microsoft Print to PDF, takarda Letter, sannan Fit. Zai ragu zuwa kusan kashi 94 ya ba ki sabon fayil. Ki duba bayanansa, za ki ga 8.5 x 11. Ki buɗe shi da kyau ki tabbata rubutun hatimin yana karantuwa.

Ɗiyar Yelwa

Alhamdulillahi, na koma shagon da safe, na nuna wa yaron wurin, fom ɗin ya fito da layukansa duka. Ashe kwamfutarsa ma a Letter take, ya ce ya daɗe yana fama da ƙasan takardun ɗalibai, mun gyara tare. An sa min hannu kafin azahar.

Malam na Gombe, bayanin ya zarce da layi biyar. Na cire inda na maimaita zancen aikin da na yi a ƙauye lokacin bautar ƙasa, saura layi ɗaya da nake nema in rage yau da daddare. Ku sa ni a addu'a.